Fasinja Ɗaya

Shekara talatin Direba yana jan motar haya, bai taɓa barin fasinja a bakin titi ba, kuma halin nan ya bi shi har wajen ɗaukar hoto. In ya ɗaga waya, sai ya yi ta ja da baya har kowa da komai ya shiga.

Da 'yarsu ta haihu a wani gari mai nisa, shi kaɗai ya je. Matarsa ba ta jure doguwar tafiya, ga idonta kullum ƙara dushewa yake, likita ma ya daina yi musu alkawari. Abu ɗaya ta roƙa: ya kawo mata fuskar jikan tun tana iya gani.

Ya kuwa kawo. Ta kai wayar har kan hancinta, ta juya wajen taga, ta daɗe, sannan ta ce yaro tubarkalla. Ya san kara ta yi masa, don a kan filo yatsanta yake. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Washegari ya nufi shagon wanke hoto, ya ce a fitar masa da babba. Mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi, ta buɗe hoton a kwamfuta, dariya ta ƙwace mata. Ga surukinsa, ga maƙwabta huɗu, ga fanka, ga bokiti, ga rabin firiji. Jaririn yana can tsakiya kamar maɓallin riga. Ta ce ko girman ƙofa aka yi shi, tarkacen nan zai cinye yaron, sai an yanke gefe da gefe.

"Wato in sauke mutane a hanya?"

"Sun iso tasharsu, Baba. Mutum ɗaya aka aike ka ka kawo."

Ta ja layi, firiji ya tafi, maƙwabta suka bi shi. Direba yana kallo yana cije leɓe. Da ta zo kan hannun 'yarsa da ke tallafe da kan jaririn, ya ce wannan kam a bar shi. Ta bari, ta ɗan matsar da fuskar gefe don hasken taga ya samu wuri.

A gida matar ta riƙe hoton da hannu biyu. Wannan karon yatsanta bai ɓata hanya ba, ya bi goshi, ya sauko hanci, ya zagaya baki. A kunne ya tsaya.

"Bawan Allah," ta ce, tana dariya tana share hawaye. "Duk dangi ya rasa kunnen da zai ɗauko sai naka."