Awartakin da Ido Ba Ya Gani

Yayana Rabo maƙeri ne, jikan maƙera, kuma duk Cadakori an san taurin kansa. Tun da ɗansa Hamisu ya bar zuga ya bi lakol, wato karatun boko, har ƙasar Turawa, Rabo ya cire shi daga lissafin maƙeran gidanmu. Ko an tambaye shi sana'ar ɗansa, sai ya ce, "Zaman kujera." Abin ya daɗe yana cin Hamisu. Ni goggonsa ce, ni yake kawo wa kuka ta waya.

Ya zo gida a shekarar da soja suka shirya zaɓe za su miƙa mulki, da wani ɗan akwati da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Ranar kasuwa da hantsi rumfar ƙira ta cika da masu gyaran hauya, ana ta gardamar ƙuri'a. Nan Hamisu ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ni ma ƙira nikai. Ga awartakin da na yi."

Ya buɗe hannu. Guntun gilashi ne, bai kai farce ba, kuma ba a ganin komai a kansa. Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ce yau yaron nan ya tona wa kansa asiri a bainar jama'a.

Bai kula su ba. Ya sa gilashin cikin ruwan gishiri, ya haɗa wayoyi da pil, wato batirin tocila, ya ɗora irin madubin da likitoci ke duba jini da shi.

"Zinari muke shimfiɗawa, wanda fatar albasa ta fi shi kauri nesa ba kusa ba," in ji shi. "Sai mu ɗora wata baƙar roba bisa. In kuran, wato wutar lantarki, ya shiga, robar ta motse, zinarin bai bi ta ba, sai abin ya lanƙwashe, kamar fatar da ta bushe gefe guda."

"Da wace masaba kake bugun wanga abu?" in ji Rabo, yana harararsa.

"Babu masaba, Baba. Da haske muke zana shi, magani ya cinye saura."

Rabo ya yi tsaki, amma ya kafa ido a madubin. Hamisu ya taɓa waya. Sai Rabo ya zabura.

"La'ilaha illallahu! Ya kama!"

Na ture shi na leƙa, don ba a bar ni a baya ba. Wasu baki biyu na gani, suna sheƙi, sun rufe a hankali kan wani ɗan ɗigo, sun riƙe shi, sun sake. Hamisu ya ce silin gashi ya fi su kauri, kuma fatansa wata rana su ɗauki ƙwayar jini guda. Shekara sittin ina ganin ƙira, ban taɓa tsammanin Allah ya ba ɗan Adam ikon yin abu ƙarami haka ba.

Rabo ya karɓe wayar da kansa. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, har wuta ta mutu a murhu bai sani ba. Can ya ɗago, fuska a murtuke.

"Bakin hagu shina riga na dama. Awartaki in bai haɗa baki ba, kan ƙafarka zai saki ƙarfe. Mi ya sa?"

"Shekara biyu ina fama da shi, Baba."

"Gindin ne bai yi daidai ba. Matso nan mu duba."

Mutane suka yi caa, kowa na son leƙawa. Rabo ya daka musu tsawa.

"Ku ja baya, kun tare muna haske! Ba ku ga maƙera biyu na aiki ba?"

Hamisu ya sunkuya kan madubin da sauri, amma hawaye ya hana shi ganin komai.