Shingen Hanyar Jiratawa

Shekara talatin Maman Lawali yana tuƙi, bai taɓa taka totur da takalmi ba. Da ya shiga mota sai ya zame silifa ya bar su gindin kujera. Ya ce ƙafa tsirara ita ta san mota.

Shekarar da aka yi juyin mulki aka rufe iyaka, man fetur ya yi wuya a Maraɗi, sai uwar ɗakinsa Hajiya Tasalla, 'yar kasuwa a Sabon Gari, ta sayo mota mai lantarki. Maman bai so ta ba. Mota ba ƙara, ba kuloci, ba makulli, tana tafe shiru kamar maciji.

Wata rana suka kama hanyar Jiratawa sayen zogale. A gaba akwai shingen sojoji, kuma kowa ya san zamanin nan motar da ta ƙi tsayawa ba a tambayar ta dalili.

Ya hango shingen, ya ɗage ƙafa daga totur. Motar ta ƙara gudu. Ashe da suka faɗa wani rami silifarsa ta silale gaba, ta maƙale a kan totur ta danne shi.

"Malam Maman, mi ke nan?" Hajiya ta ce daga gefensa.

Ya kai hannu zai sauke giya, babu sandar giya. Ya lalubi makulli, babu. Sai ya shiga taka birki yana saki, yana takawa yana saki, yadda ake lallaɓar tsohuwar mota. Duk sakin da ya yi, sai ta zabura. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Wani soja ya ɗaga hannu. Na biyu ya ɗaga bindiga.

Hajiya ita ta zauna aka koya mata motar ranar da aka kawo ta, shi ko ya ce babu mai koya masa tuƙi.

"Danne birki da ƙafa biyu! Kada ka saki!" Hajiya ta ce.

Ya danne iya ƙarfinsa. Ta murɗa ɗan abin sauya giya, ta fitar da motar daga giya, ta riƙe maɓallin kunnawa da yatsa har allon gaban ya yi baƙi. Motar ta ja tayoyi, ta tsaya taku biyar da shingen.

"Hito!" mai bindigar ya daka tsawa.

Maman bai motsa ba. Babu injin da zai yi shiru ya shaida masa motar ta mutu. In ya ɗaga ƙafa ta zabura, sun gama yawo.

"Hajiya, ta mutu kuwa?"

"Ɗaga, Malam. A hankali."

Ya ɗaga. Motar ba ta gusa ba. Ya fito hannu sama.

Sojan ya sauke bindiga, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya dubi yatsansa da ke kan kunamar bindigar, sannan ya dubi furfurar Maman.

"Baba," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "wallahi na riga na fara ja."