Gefen Tabarmar Alhaji Maccido

Malama Surayya, mai koyar da Hausa a wata sakandare a Illela, ta daɗe tana son ɗalibanta su yi wani tsohon wasa da ta karanta a jami'a. A waƙe aka rubuta shi, an ciro labarin daga littafin Kiristoci: ɗa ya bar gidan ubansa, duniya ta juya masa baya, ya komo. Babu annabi a ciki, don haka shugaban makaranta ya amince.

Ta kwashe hutu tana mayar da baitocin Hausa. Kiwon aladun da yaron ya yi a asalin labarin ta sauya shi da dakon albasa a Ƙonni, kowa ya ce ya yi daidai.

Wurin komowar ɗan aka samu cikas. Izzuddeen, wanda aka ba matsayin uba, ya ƙi rugawa ya rungumi Bashar, mai fitowa a matsayin ɗan, yana rera dogon baitin murna. Ya ce ko an yanka shi ba zai iya ba, bai taɓa ganin dattijo ya yi wa ɗansa haka ba. Malama ta ji zafi, don baitin nan ta fi shan wahala a kai. Duk da haka ta tambayi ajin yadda uba zai yi.

Shahida ce ta ɗaga hannu. Ta ce lokacin da yayanta Ammar ya dawo daga Agadas bayan shekaru ba labari, babansu Alhaji Maccido yana zaune a zaure. Ya dai matsa gefen tabarma, ya tura masa ƙwaryar furarsa.

Malama ta soke baitin.

Ranar wasan iyaye suka cika filin makaranta. Bashar ya shigo a yamutse, ya durƙusa. Izzuddeen ya matsa, ya tura ƙwarya. Surutu ya ɗauke. Shahida ta hango babanta a layin gaba ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

A gida ta kai masa ruwan alwala tana jiran faɗa.

"Ke kika ba su labarin nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya wanke hannu, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya tambaya ko za a sake yin wasan. Ta ce sai ƙarshen zango.

"To, ki hwaɗa ma Malama ta aje mana wuri biyu. Yayanki na gona a Tozai, bai gani ba."

Washegari Shahida ta riga kowa isa makaranta da saƙon.