Goshin Da Ba Ya Motsi

Likitan haƙori ya riga ya ɗaga allurar kashe zafi lokacin da ta riƙe masa hannu.

"Tsaya, Likita."

Ya tsaya. Ma'aikaciyar da ke riƙe da bututun zuƙe yawu ta kashe shi, ɗakin ya yi tsit.

"Tsoron allura ne, Hajiya? Manyan maza ma nan suke kiran iyayensu."

Ba ta yi dariya ba. Kwana uku ke nan turmin haƙorinta na ƙasa yana sara kamar ana buga ƙusa, tana zaune a teburin karɓar baƙi na ofishinsu tana yi wa mutane sannu da zuwa, ba wanda ya lura. Abin da ya hana ta zuwa da wuri wani rubutu ne da ta gani a waya, wai idan allurar haƙori ta haɗu da allurar gyaran fuska, baki yakan karkace har abada. Ba ta da wanda za ta tambaya, domin ba ta gaya wa kowa ta yi ba. Ga Auta, 'yarta ɗaya da ke aiki a nesa, za ta zo ranar Asabar. Wancan zuwan, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Mama, kin tsufa, kin ba ni tsoro." Tun rasuwar mijinta babu maganar da ta zauna mata a rai kamar wannan.

"An yi mini allura a fuska," ta ce tana kallon silin. "Allurar goge tamoji. A goshi da gefen idanu."

"Yaushe?"

"Makon jiya."

"Ba a taɓa kusa da baki ba?"

"A'a."

Ya ajiye allurar a faranti, ya jawo kujerarsa kusa da ita.

"To ki kwantar da hankalinki. Waccan tana can sama ta zauna, tawa a dasashi za ta tsaya, bayan 'yan awoyi ta sake ki. Da jiya aka yi miki, da na ce mu jinkirta, don kada in danna fuskar maganin ya gusa. Amma kin kyauta da kika faɗa. Ni da goshi nake aiki. Baki yana buɗe, mutum ba ya iya magana, sai in riƙa duban girarsa. Tun ɗazu nake ƙwanƙwasa haƙorin nan ina cewa a raina, matar nan dutse ce."

"Ni ma na ce Hajiya jaruma ce," in ji ma'aikaciyar. "Ashe sayo jarumtar aka yi."

Wannan karon ta ɗan murmusa. Likitan ya ce in ta ji zafi ta buga hannun kujera. Sau biyu ta buga kafin haƙorin ya fito.

A motar haya ta zauna jikin taga, auduga a cikin kunci, rabin leɓenta kamar na wani. An ce kada ta sha abu mai zafi, kuma wani a gida ya riƙa duba mata ko tana cizon leɓe ba ta sani ba. Ta ce to.

Ta buɗe ƙofa, ta kunna fitilar falo ko da yake rana ba ta faɗi ba. Ta tsaya gaban madubi. Bakin yana nan daidai, bai karkace ba. Tana cire mayafi wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo ne daga Auta. Ta tofar da audugar, ta goge baki, ta juya lafiyayyen kuncin wajen wayar.

"Mama! Kai, wace ce wannan? Wallahi kin koma yarinya. Me kike ci ne ba kya aiko mini?"

"Uhm," ta ce, don kada maganar ta fito a murɗe.

"Kin ga hankalina ya kwanta. Dama ina ta jin nauyin gaya miki, an ƙara mana aiki, oga yana ta roƙo in ɗage hutun. Na ce sai na ga yadda kike tukuna. Tunda ga ki garau, bari in bari sai ƙarshen shekara, ko?"

Ta dubi ƙaramin hotonta a kusurwar wayar. Ta nemi ta haɗe gira, goshin ya ƙi. Matar da ke cikin hoton tana zaune lafiya lau, ba abin da ya dame ta.

Ta kai yatsa ta kashe bidiyon, ta kara wayar a kunne.

"Haƙori aka cire mini yau," ta ce. Kalmomin suka fito da nauyi, suna jan ƙafa. "Ni kaɗai na je."



"Mama? Me ya sami muryarki? Sake faɗa, ban ji ba."

Ta zauna a bakin kujera, ta sake faɗa, a hankali.