Kwanukan Gwaggo Tsahara

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bai gama sakina ba. Amma bari in fara da Inna, don ita ce silarsa.

Tun da Baba ya rasu Inna ta daina dariya. Tana ci, tana sha, tana amsa gaisuwa, sai dai fuskar nan kamar an rufe shago. Sandarsa tana jingine a bayan ƙofar ɗakinta, kullum da safe sai ta goge ta da gefen zane. Ana nan sai na gano wani shafi a intanet inda ake kwasar fina-finai kyauta, na sauko da wani mai dogon zango na kunna mata. A ciki akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tsahara, mai faɗa da kajinta kamar 'yan haya. Ranar Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na fita waje na share hawaye don kada ta gani. Daga nan kullum bayan la'asar sai ta ce, "Haladu, kunna mini matar nan." Mun kalli duka, saura kashi na ƙarshe, shi kuwa ya ƙi fitowa. Ban taɓa biyan kowa komai ba, kuma ban ga laifina ba, tunda a buɗe na tarar da abin.

To, a mafarkin sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tsattsafowa yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa ya zauna a ciki yana jira a ɗauke. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni wayata ce, wadda ta yi nauyi a aljihu har wandona yana zamewa, in na taka sai ta yi ƙara kamar kayan amarya a bayan mota.

Na san kashi na ƙarshe na zo nema, saboda haka na shiga ofishin kula da fina-finai. Shugaban wani bunsuru ne mai tabarau, sakatariyarsa kuma akuya, tana buga hatimi da kofato a kan ganyen kuka. Na gaishe shi, ya amsa da mutunci, har ya tambayi jikin Inna. Da na faɗi buƙatata sai ya ce a ina na saba samu.

"A intanet, ranka ya daɗe. Kyauta."

Ya gyaɗa kai ya ce akwai dokar da ta hana, shi aka ba ajiyarta. Ya jawo durowa ya fito da rabin takarda mai alamar haƙora a gefe.

"Inda aka ce laifi ne, ga shi nan," in ji shi. "Inda aka ce a kama mai yi, na cinye ranar da albashi ya makara."

Raina ya yi fari, na ce ashe ba abin da za a yi mini. Ya ce ƙwarai kuwa, babu. Sannan ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce amma in sani, a garin nan ba a sauko da fim, dafa shi ake yi, a zuba a kwano a aika gidaje. In ina son kashi na ƙarshe, in je wurin mai girkin.

Sai ga ni a tsakar gidanta, ban san ta inda na bi ba.

Gwaggo Tsahara tana zaune a gaban murhu. Ta fi yadda nake ganinta a waya ƙanƙanta, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Kajin nata suna kan tabarma suna tsintar shinkafa, suna cin tsakuwar suna bar mata tsabar. A jikin bango ga mai ɗaukar hoto, da mai riƙe fitila, da telan da ke ɗinka musu kaya, sun yi jugum. Babu mai inuwa a cikinsu. Telan ya ce mini inuwoyin sun gaji da zama, sun tafi neman wani aikin.

Na durƙusa na gaishe ta, na leƙa tukunya. Kashi na ƙarshe ne a ciki yana ɓararraka, ga ƙananan mutane nan suna gaisawa a cikin romo, ƙamshi har ƙofar gida. A ƙarƙashin tukunyar kuwa guntun itace ne kawai ya rage, ya kusa zama toka.

"Ya dahu tuntuni, ɗan nan," in ji ta. "Abin zubawa ne babu."

Ta nuna mini ɗakinta, wurin jera kwanuka wayam, babu ko ɗaya. Ta ce a da in ta aika girki, kwano yakan dawo da ɗan tukwici a ciki, da shi take sayen itace, da shi waɗannan bayin Allah na jikin bango suke ci. Yanzu kwano sai dai ya tafi. In guntun nan ya ƙone za ta wanke tukunya ta kife, ta tattara kajinta ta koma ƙauye, girki ya ƙare ke nan.

Ni fa ban iya shiru ba in ana maganar da ta kusa taɓa ni. Na gyara zama na ce ni ban ɗauki na kowa ba, wani ne can ya ɗora, ni sauko da shi kawai na yi. Na ce duk unguwarmu haka ake yi, har da masu gemu. Na ce data ma ai ba kyauta ake ba mu ba. Ta saurare ni har na ƙare, tana gyara wutar da ba abin gyarawa a cikinta, ba ta musa mini ko ɗaya ba. Sai ta ce wa nake kai wa.

Na ba ta labarin Inna. Ta ce a ina ta fi yin dariya, na ce inda kika kai zakara ƙara gaban mai unguwa. Ta yi murmushi ta ce ranar da zazzaɓi ta yi wurin, an yi ta maimaitawa har rana ta faɗi, zakaran ma sai da ya yi fushi ya tafi.

"Ashe dai girkin ya isa inda aka aike shi," in ji ta.

A nan aljihuna ya yage. Wayar ta faɗo ta buɗe baki, kwanuka suka yi ta zubowa, na samira da na silba, manya da ƙanana, har suka kai mini gwiwa. Na ɗauki ɗaya na juya. A gindinsa akwai ɗigon jan farce, irin shaidar da mata kan yi wa kwanukansu don kada su ɓace a gidan biki. Na ɗauki wani, shi ma haka. Gwaggo Tsahara ta ɗaga ɗan yatsanta, ga jan farcen nan iri ɗaya. Kuma duk cikinsu babu wanda aka wanke.

Da na waiga sai na ga Inna. Ta ɗaura zane a ƙirji, ta durƙusa tana kife kwanukan a kan ruwan da ke tasowa, suna cika, tana cuɗawa. A gidanmu Inna ba ta taɓa yarda a mayar da kwanon maƙwabta haka nan ba. Ko ƙwayar ashana ce, ko ɗan gishiri a ƙulle, sai ta saka. Ba ta dube ni ba.

"Haladu, duk abincin nan da kake kawo mini, ashe kwanon mutane ba ya komawa?"

"Inna, ai kowa ma haka yake yi."

"Ba kowa na haifa ba. Kai na haifa."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina sa gajeren wando. Inna ta laluba bakin zanenta, babu komai a ƙulle. Sai ta ɗauki kwanon da ya fi kyau, ta kai shi bakinta, ta yi dariyar nan ta ranar zakara a ciki, ta yi maza ta rufe da faifai, ta miƙa da hannu biyu.

Gwaggo Tsahara ta ɗan ɗaga faifan. Dariyar ta fito ta zagaya tsakar gida, kaji suka bar tsinta, inuwoyin ma'aikatan suka leƙo ta kan katanga. Tsohuwar ta goge ido da bayan hannu ta ce tun da take wannan aiki ba a taɓa ba ta tukwici irin wannan ba, za ta ajiye shi a ƙarƙashin matashinta. Sannan ta dubi murhu ta yi ƙasa da murya.

"Sai dai ba ta kama wuta, 'yar'uwa."

Inna ta tashi. Ta miƙa hannu cikin iska, daidai yadda take miƙawa bayan ƙofa, sai ga sandar Baba. Ta goge ta da gefen zane a hankali, tun daga kai har gindi.

"Busasshiya ce," in ji ta. "Za ta ci."

Gwaggo Tsahara ta ce a'a, ta riƙe abinta. Inna ta ce mun ci girkinki mun ƙoshi, ba za a ce daga gidanmu wutarki ta mutu ba. Ta nufi murhu.

Na yunƙura, ƙafafuna suka nutse cikin kwanuka. Na zura hannu a ɗaya aljihun, sai ga tsiren da nake saya da yamma, ga katin waya, ga tikitin shiga gidan kallon ƙwallo, duk abubuwan da nake biya ba tare da na yi wa kowa wa'azi ba. Ina zaro su suna zama itace a hannuna, faskare mai kyau, har ya cika mini ƙirji. Na ce Inna tsaya, ga itace, ga itace a wurina. Amma ruwan nan mai tafiya sama ya kwashe muryata ya yi gaba da ita. Ina kallo bakin sandar ya taɓa garwashi.

Ƙwaram!

Kwano ne ya suɓuce wa matata Uwani a wurin wanke-wanke, yana ta juyi a kan siminti. Gari ya waye sosai. Na ji Inna daga ɗakinta tana cewa kwanon na gidan maƙwabcinmu Malam Tanimu ne, kada ta mayar haka, ta saka sabulu a ciki.

Ko takalmi ban sa ba na tafi gaishe ta, na saci kallon bayan ƙofa. Sandar tana nan, an riga an goge ta.

"Na ƙarshen ya fito?" in ji Inna.

"Bai fito ba tukuna."

Na zauna a bakin ƙofarta na ciro waya, na shiga neman inda masu fim ɗin da kansu suke sayar da shi. Ban sha wahalar samu ba, ashe dama ban taɓa nema ba ne. Inna ta ce me nake ta latse-latse tun ban wanke ido ba.

Na ce, "Itace nake saya, Inna."