Shago na Biyar

Abdulnasir ya sake ƙirga shagunan daga bakin layi, yana fatan ya yi kuskure. Bai yi ba. Na biyar ɗin dai shi ne mai koren ƙyaure, wanda aka jibge shadda a ƙofarsa, wato shagon surukinsa Alhaji Mahamadu.

"Madam, wannan kamar ba kowa a ciki. Mu wuce na gaba."

"Ga mutum can yana shan shayi," in ji Madam Khalida. "Doka ta ce duk shago na biyar. Ba mu zaɓe, ba mu tsallakewa."

Madam Khalida ce shugabar aikin a nan Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, Buzuwa 'yar Agadas, mai Hausa tas da fuska a ɗaure. Wata ƙungiyar bincike ce ta turo ta, irin masu auna aikin gwamnatoci da yawan cin hanci ƙasa-ƙasa. Fatake suke tambaya, tunda su ne kullum a kan iyaka, a ƙarshe a jera ƙasashen a ga ta kirki da ta banza. Abdulnasir yana makon gwaji ne, yau kuma ta biyo shi ta gani ko za a riƙe shi.

Shi kuwa aikin nan ba abin wasa ba ne a wurinsa. Matarsa Bara'atu ta tafi gida wankan haihuwar fari, an yi arba'in tuntuni, yaro har ya fara rarrafe, amma ba a maido ta ba. Tun da 'yan yawon buɗe ido suka yi ƙaranci ya daina aikin raka su dutsen Assekrem, Alhaji ya ce 'yarsa ba za ta koma ɗakin da ba a ɗora tukunya ba, sai an ga aiki ya kama. Abdulnasir yana kewar matarsa kamar ya yi kuka. To ga aikin ya samu, ga shi kuma ya kawo shi gaban mutumin da ko ido bai taɓa haɗawa da shi ba.

Ya tuɓe takalma tun daga waje, ya shiga ya durƙusa a gefen buhun kanumfari, kwamfutar hannu a kan gwiwa.

"Baba, barka da hantsi."

"Yauwa. Lafiya ka zo da baƙuwa?"

"Abokiyar aikinsa ce ni, Alhaji," in ji Madam. Ta zauna a kujera, ta dubi Abdulnasir. "Me kake yi a ƙasa?"

"Nan ya fi sanyi, Madam."

Alhaji ya yi dariya. "Mijin ɗiyata ne, Hajiya. Bar shi nan, wurinsa kenan."

Madam ta ce zumunta ba ta hana tambaya, a fara. Abdulnasir ya karanta bayanin sirri yana kallon buhu, kamar buhun ne zai amsa. Tambayar farko shekaru ce. Ya yi ta juya ta a baki, daga ƙarshe ya ce, "Baba, wai suna son su san ko an daɗe."

"An daɗe ina?"

"A duniya."

"Rubuta abin da ka gani."

Ya rubuta sittin, ya ga kamar ya tsofar da shi, ya rage biyar. Madam ta yi gyaran murya.

Da aka zo kan hanya, Alhaji ya gyara zama, don nan ne fagensa. Shekara da shekaru yana saukar da dabino kudu, yana hawo da shadda da kayan yaji. Abdulnasir ya ce ana so ya ba ma'aikatan kowace ƙasa maki, daga sifiri zuwa goma.

"Ƙasar da nike cin abinci ba ni zaginta, wadda ta haife ni ma haka," in ji Alhaji. "Amma in hwaɗa maka, mutanen shinge iri uku ne. Akwai mai amsar kuɗi ya yi maka aiki, wanga ɗan halas ne. Akwai mai amsa ya mance da kai. Akwai kuma wanda ba ya amsar komi, ya bar ka kwana da kwanaki cikin rana yana karanta takarda."

"To wanne ya fi, Baba?"

"Na farko mana! Ba shi goma."

"Alhaji, goma ta wanda ba ya karɓa ce," in ji Madam.

"Wanda ya sa dabinona ya yi tsutsa? Ku dai ba ku taɓa fatauci ba."

Aka yi ta ja, Madam tana bayani, Alhaji yana zuba shayi, Abdulnasir yana zufa a tsakaninsu. Sai ya gangara ƙasa ya ga tambaya ta gaba. Ya ɗago ya roƙi Madam da ido. Ta nuna masa kwamfutar da haɓa.

Ya karanta da muryar da ko shi da ƙyar yake ji. "Wai a shekarar nan, an taɓa ba wani kyauta don a sama wa ɗan'uwa aiki?"

Ya rufe ido yana jiran a kore shi, a haɗa masa da cewa ya manta da Bara'atu.

"An ba," in ji Alhaji, hankali kwance. "Rago. Watan jiya."

Abdulnasir ya buɗe ido.

"Kai kana tsammanin Faransancinka ne ya ba ka aikin ga? Yara nawa suka nema, masu takardun boko na lekkol da suka fi naka? Uwar Bara'atu ta hana ni barci, ɗiyar kuma kullum kuka. Na tambaya wa ke ɗauka, aka ce wata mata ce, mai tsauri, ko ruwa ba ta sha a gidan mutane. Na ce a kai rago gidanta dai a ɗaure, mu gani. To, ya shiga, bai fito ba."

Kunya ta rufe Abdulnasir tun daga kai har ƙafa. Shi da ya yi mako guda yana tafiya a unguwa da kafaɗa a sama! Bai kalli Madam ba, amma ya ji kujerarta ta yi ƙara.

"Ke kin san ta, Hajiya?" in ji Alhaji. "Manya dai suna buro cikin sanyin ofis, ku ake turowa rana."

"Muna haɗuwa," in ji Madam. Ta ɗauki kofin shayin da ta ƙi taɓawa tun zuwansu, ta shanye.

"Ki gaishe ta. Na zaga ƙasa huɗu ban ga mai amana irinta ba. Kwana biyu tsakani aka kira yaron." Ya juyo wajen Abdulnasir. "Sun riƙe ka kuwa, ko har yanzu gwaji ne? In sun riƙe ka, Juma'a ka turo a ɗauki matarka. In kuma ba su riƙe ba, sai in aika a tambayo mini ragona."

Abdulnasir ya ƙura wa buhun kanumfari ido.

"An riƙe shi," in ji Madam.

"Madalla. Saura mi?"

Saura ɗaya, kuma kwamfutar ba ta rufewa sai an cike ta. Abdulnasir ya share zufa ya karanta: a wace ƙasa abin ya faru, don a san wadda za a ɗora wa?

Alhaji ya shafa gemu. "To, ni dai ɗan Nijar ne. Dillalin da ya kai ragon Bakatsine ne, ɗan Nijeriya. Nan Aljeriya aka ci shi. Ragon kuwa daga Mali aka kawo shi, irin dogayen nan."

Abdulnasir ya riƙe yatsa a sama. A karon farko tun shigowarsu ya juya ya dubi shugabarsa sosai. Tana gyara mayafi, idonta a kan titi.

"Sa Mali," ta ce a hankali. "Ba mu da kowa can."