Shayin Ƙarfe Goma da Rabi

Ina buɗe ƙofar ɗakin sabobi da safen nan hancina ya gaya min akwai magana. Roba ce ke ƙonewa. Tsohuwar sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitinmu, wadda muke kira Kaka, akwatunan wuta biyu gare ta. Ɗaya ya mutu, ɗayan kuma fankarsa na ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Na san ba za ta kai azahar ba.

Ban ruɗe ba, don aikina ne. A cikin Kaka akwai kwamfutoci tara marasa jiki, zaune kamar 'yan haya a gida ɗaya, kuma ana iya kwashe kowace zuwa sabuwar saba tana tsaka da aiki, ba tare da mai amfani da ita ya sani ba. Kafin ƙarfe goma na kwashe takwas, ko wayar ƙorafi ɗaya ba a yi min ba.

Ta taran ita ce rajistar ɗakin gwajin jini. Duk kwalbar da aka ɗiba, ita ke riƙe da sunan mai ita da lambarta. Bara ta taɓa ɗaukewa na minti ashirin, lambobi suka rikice, aka sake kiran mutum arba'in a huda su. A gabana wani tsoho da ya yi tafiyar awa uku ya miƙa hannunsa na biyu, audugar hudar farko na nan a ɗayan. Har yau abin na ci min rai, kuma tun ranar na yi wa kaina alkawarin ba za a sake ba.

Na danna mata ƙaura. Ta hau kashi casa'in da shida, ta tsaya. Ta koma casa'in da ɗaya, ta sake hawa. Dalilin a fili yake: mutum goma sha biyu a bene na uku suna zuba mata bayanai, kafin a kwafe na baya sun canza shi. Tamkar mai share tsakar gida ne ana sussukar hatsi.

Na kira shugabar ɗakin gwajin, Anti Babba, wadda ke min laƙabi da 'Yar Waya.

"Anti, don Allah ki ce su ɗaga hannu na minti biyu kawai."

"'Yar Waya, kin ga layin da ke waje kuwa? Ke kika ce min wannan sabon tsarin ba ya buƙatar a tsaya. To, ga ranarsa ta zo." Ta kashe.

Gaskiyarta ce, ni na cika baki, kuma ban yi niyyar janyewa ba.

Shekara huɗu ina kallon jadawalin aikin rajistar nan. Kullum ƙarfe goma da rabi layin da ke nuna yawan aikinta yakan faɗi ƙasa warwas na minti biyar. Masana'antar da ta ƙera sabar ba ta san dalili ba, ni na sani: lokacin Inna mai shayi ke turo kekenta cikin ɗakin hutawa, kowa ya bar abin da yake yi. Na zauna ina jira hankali kwance.

Goma da rabi ta yi, layin bai motsa ba. Da minti talatin da biyar, shiru. Ƙarar fankar Kaka ta canza, ta fara shaƙewa. Inna ba ta iso ba ke nan.

Na sauka da gudu. Na tarar da Inna a gindin matakala ta dafa kekenta, lif ya lalace.

"'Yata, gwiwar nan ba za ta hau bene uku da filas ba. Yau su yi haƙuri."

"Inna, yau ba ranar haƙuri ba ce. Kawo manyan biyun, ke ki taho da kofuna a hankali."

"Ke da ko gaisuwa sai an roƙe ki, yau ke ce da ɗaukar kaya?"

"Zan biya bashin gaisuwar gobe."

Na isa sama ina haki, na buga murfin filas a bakin ƙofa yadda Inna ke yi. Kujeru suka fara ja da baya. Wannan ya cire safar hannu, wancan ya wanke hannu, suka fito ɗaya bayan ɗaya suna min tsiya wai an ƙara min girma. Ina zuba shayi da hannun dama, wayata na hannun hagu. Casa'in da bakwai. Casa'in da tara. Sai alamar kammalawa ta yi kore.

Anti Babba ta fito ta haɗe rai.

"Ke da kika ce sabarki na mutuwa, rabon shayi kike yi? Yaushe za ki fara kwashe tamu?"

"An gama, Anti. Sukari nawa?"

Ta dube ni, ta leƙa allon kwamfutarta, komai na nan yadda ta bar shi. Ta ce biyu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata Kaka ta mutu da kanta, babu kowa a cikinta. Na zare wayoyinta, na shafa saman ƙarfen da ke da sauran ɗumi, don ta yi mana ƙoƙari.

Da na fito mayar wa Inna filas ɗinta, na bi ta ɗakin jira. Mutane na zaune a jere, wasu na gyangyaɗi, wata na faɗa da ɗanta a waya. Na bi hannuwansu da kallo har ƙarshen benci. Kowa auduga ɗaya ce a hannunsa.